Wa ke cin wa a kwamin kifi?

A wannan mako zan karkata akalar alƙalamina ne zuwa ga kiwon kifi, sana'ar da ta shigo karkarar Kano da ƙarfinta, kuma zan yi maganar ne da ƙasar Gezawa a zuci, domin a can ne nake ganin sana'ar ta fi dacewa, a can ne kuma asararta za ta fi ciwo.

Dalili a fili yake. Daga Jogana zuwa Babawa, daga Tsamiya Babba zuwa Wangara, gona ta haɗe da gona, babu sauran dajin da za a sara. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke da haƙƙi a cikinta. Saurayin da rabonsa bai wuce ɗan fegi ba dole ya nemi sana'ar da za ta shiga ƙaramin wuri, kuma tankin bulo da siminti, ko na tamfol, yana iya zama a bayan ɗaki muddin akwai rijiyar burtsatse a kusa. Tarwaɗa kuwa kifi ce mai juriya. Allah Ya hore mata wata gaɓa da take shaƙar iska da ita daga saman ruwa, don haka takan rayu a cunkoson da zai kashe wani kifin. Idan ta samu abinci da ruwa mai kyau, cikin wata biyar zuwa shida takan kai kilo guda. Kasuwa kuma ga ta nan, daga 'yan kifin Galadima a birni har masu gashi da masu banda. Ba banza ba Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon wannan nau'in tarwaɗa.

Sai dai akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin sababbin masu kiwo. An zuba 'ya'yan kifi dubu, an ciyar da su wata da watanni, ranar kwashewa kuma aka ƙirga aka ga abin bai fi rabi ba. Ba a ga mushe yana yawo a saman ruwa ba, ba a ga alamar cuta ba. Daga nan sai zargi ya tashi. A tuhumi yaron da ke ba su abinci, a harari maƙwabci, wani ma ya ce sammu ne ko aikin mutanen ɓoye. Zumunci yakan lalace a kan haka, yaro mai gaskiya yakan rasa aikinsa da sunansa. Alhali kuwa sau da yawa ɓarawon yana cikin ruwan, an ma ciyar da shi da kuɗin mai kwamin.

Abin da ya sa lamarin yake ba ni mamaki shi ne, a kan tudu babu wanda zai koya wa manomin Gezawa abin da ke zama da wani da abin da ba ya zama. Tun a shekarun 1960 wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, sannan a shekarun 1990 shi da abokan aikinsa suka zurfafa bincike a Tumbau, nan cikin ƙasar Gezawa. Abin da ya ja hankalinsu shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, amma ba ta mutu ba. Sirrin bai wuce iya haɗi ba. Gero da dawa suna sama, wake da gyaɗa suna ƙasa, harawa ta tafi wurin dabbobi, taki ya dawo gona. Da shuka ta tsiro a ɗaure awaki a turke, domin kowa ya san halin akuya da ɗanyen ganye. Uwargida ma ba ta sakin 'yan tsaki inda shirwa ke shawagi. Mutumin da ya gaji irin wannan sani, me ya sa da ya zo bakin ruwa sai ya ba kura ajiyar nama? Amsar ita ce ruwa yana rufe abin da ke faruwa a cikinsa, kuma kiwon kifi bai daɗe a hannunmu ba har ya zama gado.

Bari mu fara da halin tarwaɗa ita kanta. Mafarauciya ce mai faɗin baki, ta fi kuzari da dare, kuma ba ta san ɗan'uwa ba. Masu bincike a Afirka ta Kudu sun bayyana tun a 1988 cewa 'ya'yanta suna fara cin junansu ne kwanaki kaɗan bayan ƙyanƙyasa. Suna ƙanana, mai ƙarfi yakan kamo ɗan'uwansa ta wutsiya, ya cinye har zuwa wuya, ya yar da kai. Da sun ɗan tasa sai salon ya sauya, babba ta haɗiye ƙarama ɗungurungum ta kai, ba a ga ko ƙaya ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai kwami ba ya ganin gawa. A kowace ƙyanƙyasa kuma akwai 'yan kaɗan da ke yi wa sauran fintinkau a girma, waɗanda masu sana'ar ke kira shuta. Ɗaya ta ci 'yar'uwarta ta ƙara girma, girman ya ba ta damar cin wata, haka abin zai yi ta tafiya. Duk wadda ba ta wuce kamar rabin tsawon babbar ba, tana cikin haɗari. Irin da aka samu ta hanyar barbarar tarwaɗa da ramboshi, wanda ake so saboda saurin girmansa, shi ma ba baya ba ne a wannan hali.

A ƙaddara saurayi ya sayi ƙanana dubu, a cikinsu akwai shuta ashirin da ba a ware ba. Kullum yana auna abinci da lissafin baki dubu. Bayan wata biyu bakunan sun ragu sosai, shi kuwa bai sani ba, yana ci gaba da zuba abincin da babu mai ci, abincin ya nutse ya ruɓe, ruwa ya ɓaci. To, abinci shi ne ke cin kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon tarwaɗa. Ranar sayarwa zai fito da 'yan manya ƙalilan da za a yi ta sha'awa, da tarin tsumburarru da dillali zai taya da wulaƙanci. Asara ta zama uku ke nan: kuɗin iri, kuɗin abinci, da watannin da ba za su dawo ba. Idan jarin na adashi ne ko na ragon da uwa ta sayar, mai karatu ya san irin zaman da za a yi a gidan.

Kuskure na biyu shi ne haɗa jinsi biyu ba tare da lissafi ba. Wani ya ji an ce karfasa tana da daɗi kuma tana da kasuwa, sai ya sayo 'ya'yanta ya zuba a kan tarwaɗar da ta yi wata uku. Wannan ai walima ya shirya. Wani kuma yakan karɓo ƙananan kifi daga masunta a madatsar ruwa ta Wasai da ke maƙwabtaka a Minjibir, ko daga kududdufin bayan gari, saboda arha, bai san ko akwai ɗan tsage ko wata tsohuwar tarwaɗa a cikin bokitin ba. Mai kwamin ƙasa kuwa yakan kwashe kifinsa ya zuba sabon iri ba tare da ya busar da kwamin ba, alhali tarwaɗa biyu ko uku sun lafe a cikin taɓo suna jira.

Wannan tambaya ta wa ke zama da wa a ruwa ɗaya ba mu kaɗai take damu ba. A Turai da Amurka da Japan akwai masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi a cikin falo, don ado kawai. Sukan sayi gishiri na musamman su dama da ruwa har ya yi daidai da na teku, su kashe maƙudan kuɗi a kan kifaye masu launi. Daga cikin abin da suka fi sha'awa akwai wani ɗan jatan lande mai ratsin ja da fari, wanda sana'arsa a teku ita ce wanzanci. Yana da mazauni a jikin dutse, manyan kifaye masu cin nama su zo su tsaya, su buɗe baki, shi kuma ya shiga yana tsince musu ƙwari da matacciyar fata, ya fito lafiya lau. Ganin haka sai mai akwatin gilashi ya ɗauka amana ce ta har abada, ya haɗa su wuri guda. Wani lokaci a yi watanni ana zaune ƙalau, rana ɗaya a wayi gari babu jatan landen.

Abin da ya sauya ba boyayye ba ne. Jatan lande yana saɓa kamar maciji, yana tuɓe ɓawonsa lokaci lokaci don ya girma, kuma a sa'o'in da sabon ɓawon bai yi tauri ba, tsoka ce kawai mai ƙamshi. A teku yana da ramuka dubu da zai shige har ya warke, a akwati kuwa bango huɗu ne. Kifin da aka sayo ƙarami ya girma, bakinsa ya buɗe. Mai gida ya yi tafiya an yi kwana biyu ba a ba da abinci ba. Saboda haka gogaggun cikinsu suka tsaya a kan ƙa'ida guda, cewa duk abin da zai shiga bakin kifi, ko ba jima ko ba daɗe zai shiga. Zaman lafiyar jiya ba hujja ba ce a kan gobe. Abubuwan da ke yanke hukunci a akwatin attajirin Landan su ne dai ke yanke shi a tankin saurayin Ketawa, wato faɗin baki da yunwa da rashin maɓoya.

Idan kuskuren ya tsallake bangon tanki ya shiga ruwan jama'a, a nan ne gyara yake gagara. Cikin kifayen adon da na ambata akwai wanda Turawa ke yi wa laƙabi da zaki, saboda dogayen ƙayoyi masu dafi da suka kewaye shi kamar geza. Asalinsa tekun Indiya da na Fasifik ne. An fara ganinsa a gaɓar Florida ta Amurka a 1985, kuma masana sun fi karkata ga cewa masu akwatunan gilashi ne suka sake shi da suka gaji da shi. Yau ya mamaye tekun Karibiyan yana lamushe ƙananan kifi da jatan lande, har hukumomi suna shirya gasar farautarsa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne giwan ruwa, wanda masuntanmu suka sani a Tafkin Chadi da Kogin Kwara, kifin da kan haura kilo 100. A ruwanmu ɗan gida ne, sauran kifaye sun saba da shi tun fil azal. A shekarun 1950, zamanin mulkin mallaka, aka zuba shi a Tafkin Biktoriya da ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, da nufin ya ci ƙananan kifaye masu yawan ƙaya ya mayar da su tsokar da za ta yi kuɗi. Ya yi shiru kusan shekara ashirin, kamar ba a yi komai ba. A shekarun 1980 sai ya bunƙasa, kuma nau'o'in ƙananan kifi dangin karfasa kusan 200, waɗanda babu su ko'ina a duniya sai can, suka ɓace ko suka kusa. Gaskiya ne an samu masana'antun sarrafa kifi a Mwanza da Kisumu da Jinja, an kuma samu kuɗin waje. Amma kifin da talaka ke shanyawa a rana ya yi miya da shi ya yi ƙaranci, giwan ruwa kuma mai kitse ne, sai an banda shi da itace, abin da ya ƙara cinye dazuzzukan bakin tafkin. Tarwaɗarmu ma da aka kai Indiya ta yi irin wannan ɓarna a kogunansu, har gwamnatin ƙasar ta haramta kiwonta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk mai sha'awar zuba wani baƙon kifi a kududdufin gari ko a madatsar ruwa, ya tuna cewa abin da aka zuba a ruwa ba a kiransa ya dawo.

Kada a fahimce ni da cewa haɗi haramun ne. Halin farauta ma yana da amfani ga wanda ya san inda zai ajiye shi. Matsalar karfasa kishiyar ta tarwaɗa ce. Tana balaga da wuri, tana da 'yan watanni take fara haihuwa, uwar kuma tana renon ƙwai da 'ya'ya a cikin bakinta, don haka kaɗan ne ke mutuwa. Kafin a ankara kwami ya cika da ƙanana, abinci ya kasa, kowa ya tsumbure, a kwashe kwando guda babu ta sayarwa. Maganin da masana kiwon kifi suka daɗe da bayarwa shi ne a sa mata mai gadi. A fara zuba karfasa, a bar ta ta yi girman da ya fi ƙarfin baki, sannan a kawo tarwaɗa 'yan kaɗan, ƙanana. Su za su riƙa tsince sababbin 'ya'ya, iyayen su samu sarari su yi tsoka, a ƙarshe a sayar da kifi iri biyu. Kifayen dai su ne waɗanda suka jawo wa wancan saurayin asara, abin da ya bambanta shi ne wanda aka fara zubawa, da girmansa, da yawansa. Manomin da ya san cewa ba rana ɗaya ake shuka gero da wake ba, wannan ba zai yi masa wuyar ganewa ba.

To mene ne abin yi? Na farko, a wurin sayen iri ake cin riba ko a faɗi. Mai saye ya tsaya a tace masa a gabansa, ya karɓi masu kai ɗaya, kuma gara ya sayi ɗari biyar da suka ɗan tasa da ya sayi dubu masu kamar tsinke. Na biyu, tankaɗe da rairaya. A watanni biyun farko a riƙa ware manya daga ƙanana duk mako ɗaya ko biyu, da sanyin safiya, kafin a ba su abinci, a kuma yi a hankali, domin kifin da ya ji rauni 'yan'uwansa ne za su ƙarasa shi. A ƙirga su a lokacin, a rubuta, don lissafin abinci ya tafi daidai da bakunan da ke raye. Na uku, kada a bar su da yunwa. Ƙanana suna bukatar ci sau da yawa a yini, da ƙwayar abinci daidai bakinsu, a watsa ta ko'ina don kada masu ƙarfi su tare wuri. Wanda ya ga kuɗin abinci zai gagare shi, ya rage yawan kifin tun farko. Na huɗu, a yi wa tanki inuwa, domin tarwaɗa ta fi natsuwa a duhu-duhu, a rufe shi da raga saboda zalɓe da tsari. Na biyar, a busar da kwamin ƙasa sarai kafin a zuba sabon iri.

Na san abin da wani zai ce: malam, mai tanki ɗaya ina zai kai waɗanda ya ware? Tambaya ce mai kyau, domin tanki na biyu kuɗi ne, ruwan cika shi ma kuɗi ne. Amma ana iya raba tanki ɗaya gida biyu da raga mai ƙananan idanu. Ana iya ajiye shuta a rabin duro. Samari uku masu tanki ɗai-ɗai suna iya haɗa kai, wannan ya riƙe manya, wancan matsakaita, ɗayan ƙanana, kamar yadda iyayensu ke gayya a gona. In duk ya gagara, a soya shutar a ci a gida. Asarar kifi ashirin a tukunya ta fi asarar ɗari huɗu a cikin ruwa sauƙi.

Akwai kuma haƙƙin da ke wuyan wasu. Masu ƙyanƙyasa su ji tsoron Allah. Wanda ya tsame shuta ya sayar da tsada, ya tattara ragowar da ba sa girma ya cusa wa sabon shiga, ko ya haɗa ƙyanƙyasa biyu a jarka ɗaya ya yi shiru, ya sani algus ya yi, kuma addininmu bai bar wannan a duhu ba. 'Yan siyasa da ƙungiyoyin da ke raba tankuna da 'ya'yan kifi da sunan tallafi su haɗa da horo da bibiya, don kyautar da babu sani a tare da ita takan ƙare ne a hoton ranar rabo. Hukumar KNARDA da sashen aikin gona na Ƙaramar Hukumar Gezawa su tanadi malaman gona da suka san kifi kamar yadda suka san taki da iri, waɗanda za su shiga ƙauye su nuna yadda ake tacewa da hannunsu. Ilimin yana nan a ƙasar nan. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa ta Jihar Neja, akwai gonar irin kifi ta Bagauda a nan Kano, akwai malamai a jami'o'inmu. Abin da ya rage shi ne a fassara shi da Hausa, a sa shi a rediyo, a kai shi majalisar samari.

Na tabbata cikin masu karatu akwai waɗanda tun daga kan take suke murmushi, suna cewa da manya da talakawa nake, tarwaɗa lulluɓi ce kawai. Wannan karatun nasu ne. Ni dai kifi nake nufi, da jarin yaran da suka ƙi zaman banza suka tona rami suka tara ruwa. Kafin ɗayansu ya kwance bakin jarka ya juye a tanki, ya duba girman abin da ke hannunsa, ya duba bakin abin da ke cikin ruwan, sannan ya yanke shawara.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mu daga zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.